Yadda Clarrie Ya Naɗa Maƙwabcinsa Waliyyi

Ranar da muka share gidan Clarrie Penhall an kwana ana yayyafi, gari ya waye garau, ga wata iska mai sanyi tana tasowa daga bakin teku. Asabar ce, cikin Satumba na 1986. Irin safiyar nan ce da mutum kan tashi yana jin kamar ya yi wa wani alheri, kuma da wannan zuciyar muka fito, mu goma sha huɗu, da manjagara da baro da safar hannu.

Clarrie ba ya gida. Mako na biyar ke nan yana Adelaide, yana jinyar matarsa Thelma a asibiti.

Shi mai gyara ne. Rediyo, dutsen guga, firiji, agogo, injin yankan ciyawa, duk abin da ke da waya ko ƙusa a jikinsa. Shekara ashirin da bakwai yana da shago a babban titin Wirrabulla. Da aka buɗe babban kanti a bakin hanyar Port Pirie, sai mutane suka daina kawo gyara. Abu ya lalace, a jefar, a sayo sabo. Ya rufe shagon ya kwaso kayansa gida, lamba tara a Layin Acacia, katangarsa tana jikin tawa. Tsakar gida ta cika, baranda ta cika. Mai wucewa zai ce juji ne. Amma ka tambaye shi wani ɗan ƙarfe na injin wanki da aka daina yi tun bayan yaƙi, zai miƙe ba tare da ya yi tunani ba, ya ɗaga wani buhu ya ciro maka.

A ƙetaren titi Rex Hoffmann yake, shugaban ɓangaren kayan lantarki a wannan babban kantin, kuma shugaban kwamitin layinmu. Sau uku a jere muna cin gasar layin da ya fi tsafta a gunduma, kuma alƙalan gasar suna tafe cikin Oktoba. In faɗi gaskiya, Rex ba mugu ba ne. Mutum ne mai son komai ya tsaya a kan layi. Duk Lahadi ƙarfe tara yakan fito da farar riga, gajeren wando ruwan ƙasa, doguwar safa har gwiwa, da farar malafa, ya tayar da injin yankan ciyawa. Da zarar nasa ya tashi sai ka ji na gida mai lamba bakwai ya tashi, na gida mai lamba huɗu ya amsa, har layin ya ɗauka baki ɗaya. In ya fenta akwatin wasiƙunsa kore, kafin wata ya ƙare duk namu sun zama kore. Ba ya tilasta wa kowa. Mu ne ba ma son a gan mu daban.

Shi ya tara mu ya ce, "Jama'a, mutumin nan yana cikin damuwa. Mu yi masa aikin gayya, Thelma ta dawo ta tarar da gida fes." Kuma ranar Litinin motar hukumar gari za ta zo kwasar manyan tarkace, wadda ke zagayowa sau biyu a shekara ta ɗauke duk abin da aka ajiye a ciyawar bakin titi. Komai ya zo daidai.

Wajen sha ɗaya muka iso ƙuryar baranda. Nan keken ɗinkin Thelma yake, na ƙafa, baƙi mai zanen ruwan zinariya, wanda ta gada wajen uwarta. Da shi ta ɗinka kayan makarantar rabin yaran layin, har da rigar auren 'yar Rex. Amma ranar a wargaje yake. An cire kan, an cire ƙafafun juyi, ƙananan ƙarafa suna jere a kan buhu, wasu a cikin gwangwanin kananzir.

Na ce, "Rex, wannan fa na Thelma ne."

Ya ce, "Na sani, Alby. Dubi yadda ya mutu. Ai mun haɗa hannu mun saya mata na lantarki, yana motata. Kama can."

Na kama. Shi gefe ɗaya, ni gefe ɗaya, muka kai shi bakin titi. Wani ya naɗe buhun ƙarafan ya jefa a kai. Mu duka mun saba da cewa abin da aka gani a wargaje ya gama rayuwarsa. Babu wanda ya tuna cewa a hannun mai gyara, abu a wargaje yana tsakiyar hanyar warkewa ne. Thelma ce ta ce masa kafin a kwantar da ita, ya wanke mata keken ya sa masa mai kafin ta dawo. Ya fara, sai ciwon ya tsananta.

Litinin mota ta zo, ta matse komai a cikinta, ta tafi.

Bayan kwana goma suka dawo. Muna tsaye a ƙofofinmu kamar masu jiran amarya. Clarrie ya fito da ita daga mota yana riƙe da gwiwar hannunta, ta rame har rigarta tana lilo a jikinta. Ta dubi barandar da aka wanke, ga fararen kujerun roba guda huɗu, ga kwalin sabon keken lantarkin a kan tebur da kati mai sa hannun kowa. Ta daɗe tana kallon ƙuryar da keken yake. Sa'an nan ta juyo ta ce, "Kun sha aiki. Mun gode ƙwarai." Clarrie ya je juji washegari, da jibi, amma an riga an bi da katafila an rufe.

Ba ta taɓa buɗe kwalin ba. Ta rasu cikin Nuwamba. Mun ci gasar a shekarar.

Bayan jana'iza da mako ɗaya na shiga gidan Clarrie na same shi zaune a dandamalin baranda, ya bar kujerun robar a wofi. Na ce, "Clarrie, ni na ɗauki gefe ɗaya. Na san nata ne, na kuma ɗauka. Ba shara ba ne. Na cuce ku."

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wa ya riƙe ɗaya gefen?"

Na faɗa masa. Ya tashi ya ƙetare titi, ina biye. Rex yana wanke mota.

Clarrie ya ce, "Rex, abu ɗaya nake so. Ka ce keken Thelma ba shara ba ne, kuma ka yi kuskure. Shi ke nan, in koma gida."

Rex ya rufe famfo ya ce, "Haba, tsoho. Na san kana cikin zafin rashi. Amma Asabar guda muka kashe a gidanka, mutum goma sha huɗu. Sabon keken nan ɗinki iri goma sha biyu yake yi. Alheri muka yi maka, ba zan tsaya ina ba da haƙuri a kan alheri ba."

Clarrie ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan. Wanda bai san shi ba zai ɗauka magana ta mutu. Ni na taɓa ganin ya yi wata uku yana bin wani agogon bango har ya gano haƙorin da ya lanƙwashe a ciki.

Lahadin farko ta sabuwar shekara, ƙarfe tara daidai, injin Rex ya tashi, sauran suka amsa. Sai ga Clarrie ya fito gaban gidansa sanye da sabon labulen banɗaki mai hoton agwagi, ya huda tsakiyarsa ya zura kai, takardar farashi tana reto a ƙirjinsa. Yana tura keken sayayya irin na kanti, ya ɗaura masa ƙararrawar keke, kwalin nan da ba a buɗe ba yana zaune a ciki a kan farin zane. A jikin katanga ya kafa allo ya rubuta da fenti: COCIN SABON KAYA. IBADA LAHADI ƘARFE TARA.

Ya yafito ni ya ce, "Alby, zo ka tura akwatin alfarma. Kai ka iya ɗaukar kaya."

Na ajiye injina na je. Ina ganin hakkinsa ne a kaina.

Ya zaro takardun tallan da ake cusa mana a akwatin wasiƙu duk Talata, ya buɗe su da ladabi kamar mai buɗe littafi mai tsarki, ya ɗaga murya sama da ƙarar injuna. "Karatunmu na yau daga Littafin Talata ne, shafi na huɗu. Injin buɗe gwangwani mai aiki da lantarki. Ya ku mutanen Acacia, har yaushe za ku ci gaba da buɗe gwangwani da hannu kamar kakanninku da suka mutu cikin duhu? Maƙwabcinka yana da shi. Kai me kake jira?"

Injin gida bakwai ya mutu, don mai shi yana son ya ji. Na ga labule yana motsi a gida huɗu.

Ya ci gaba da cewa abu yana da tsarki ne muddin yana cikin kwalinsa, ranar da ka buɗe shi ranar ya kama hanyar juji. Ya ce babban zunubi shi ne gyara, mai bi masa shi ne a gan ka daban da maƙwabcinka. Ya ce kada mumini ya tambayi inda motar Litinin take kai kaya. Da ya gama ya soya sosej ɗin naman shanu a kan garwashi, ya sa a yankan burodi da albasa, muka ci mu biyu.

Mako uku mu biyu ne. Daga nan tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da aka sallama suka fara zuwa, don ba su da wurin zuwa kuma akwai nama. Sai tsofaffin matan da ya daɗe yana yi wa gyara. Wani ɗan jarida ya yi rubutu a kai, sai ɗalibai suka riƙa cika mota daga Adelaide, tafiyar awa uku, don su zo su yi dariya. Kafin hunturu, wanda a nan yake shigowa cikin Yuni, mun kai sittin.

Faston cocinmu ya zo wata Laraba ya ce masa wannan wasa da abin tsarki ne. Clarrie yana wanke kaskon suya ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa Allahnka ba, shi ne nawa. Amma leƙa filin ajiye motocin cocinka ranar Lahadi, ka leƙa na babban kanti ranar Asabar. Ni ban kawo sabon addini ba. Na tarar da shi ne ba shi da liman."

Abin da jama'a suka fi so shi ne layin tuba. Mutum zai fito gaban kwalin ya faɗi abin da ya jefar alhali yana aiki. Wata ta ce ta jefar da teburin kakarta don launinsa bai dace da sabon kafet ba. Wani ya ce ya jefar da rediyo don na surukinsa ya fi maɓallai. In mutum ya gama, Clarrie ya kaɗa ƙararrawa, jama'a su amsa da murya ɗaya, "An ba ka sabo, je ka ka manta." A yi dariya, a miƙa masa burodi da nama, a kira na gaba.

Duk wata sau ɗaya Clarrie yakan ƙetare titi ya tsaya a bakin katangar Rex ya ce, "Ka shirya faɗa?" Rex ya ce, "Ka je likita ya duba ka, tsoho." Ya kai ƙara hukumar gari, wani jami'i ya zo ya ce ba shi da ikon hana mutum ibada a harabar gidansa. Ya ci burodi biyu ya tafi.

Da shekara ta zagayo, a Lahadin da ta fi kusa da ranar aikin gayyar, Clarrie ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Addini ba waliyyi, miya ce ba gishiri. Kun daɗe kuna tambaya wa za ku yi koyi da shi. To ga shi can." Ya nuna ƙetaren titi, inda Rex ke tura injinsa. "Bai taɓa gyara komai ba. Bai taɓa barin abu ya tsufa a gidansa ba. Bai taɓa yin kuskure ba, ku tambaye shi. Daga yau shi ne Waliyyi Rex. Abin da ya sa ku sa, abin da ya saya ku saya, inda ya taka ku taka."

Lahadi mai zuwa maza talatin suka zo da farar riga, gajeren wando ruwan ƙasa, doguwar safa da farar malafa. Har da mata biyu. Suka jeru a hanyar ƙafa gaban gidan Rex, babu mai magana. In ya share gumi su share. In ya juya injin su juya. In ya sunkuya ya tsinci tsinke, malafa talatin su sunkuya. Ya kira 'yan sanda. Sajan ya zo ya duba, ya ce babu wanda ya zage shi, babu wanda ya taka ciyawarsa, kuma a saninsa babu dokar da ta hana sa safa.

Rex ya sayi koriyar robar ban ruwa, mako mai zuwa talatin suka zo da irinta a kafaɗa. Ya koma sa dogon wando, suka koma. A kantinsa suke sayen komai, shi ya sa da farko manyansa suka ɗauki abin wasa mai amfani. Amma sai masu biyayya suka fara bin sa wurin aiki ranar Alhamis, suna tafiya a bayansa tsakanin firiji da injin wanki, hannu a baya kamar yadda yake yi. Mutanen da ba ruwansu da cocin ma suka ɗauka. Mace ta sayi dutsen guga sai ta miƙa masa ta ce, "Waliyyi, a ɗan shafa masa albarka." A kulob ɗin wasan ƙwallon ciyawa, inda ya yi shekara ashirin ana tashi a ba shi kujera, yana shiga sai wani ya cire hula ya rusuna.

Mutumin da ya rayu yana jin daɗin a bi shi, yanzu ba ya iya sayen buroshin haƙori sai ya waiwaya.

Cikin Agusta na 1988 ya daina fitowa yankan ciyawa. Clarrie ya sanar cewa Waliyyi ya shiga halwa, don haka duk mumini ya ajiye injinsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mutanen layinmu, waɗanda ba su taɓa zuwa ibada ba. Shekara da shekaru sun saba jiran ƙarar injin Rex. Da ba su ji ba, su ma ba su tayar da nasu ba. Ruwan sama ya sauka, ciyawa ta kai ƙwauri. Alƙalan gasa suka zo cikin Oktoba, ba su ko fito daga mota ba.

A makon ne Noelene, matar Rex, ta shigo gidan Clarrie. Ina nan ina taya shi yankan albasa. Mace ce mai kirki, ita ta fi kowa kuka a jana'izar Thelma.

Ta ce, "Clarrie, don Allah ya isa. Ba ya cin abinci. Sun mayar da shi ɗakin ajiya a wurin aiki, don kada jama'a su gan shi. Jikokinsa a makaranta ana kiransu 'ya'yan Waliyyi."

Ya ce, "Ya san maganin, Noelene. Ba shi da tsada."

Ta ce, "To bari in faɗa maka abin da ban so in faɗa ba. Thelma da bakinta, a kicin ɗina, ta sha cewa ta gaji da tarkacenka. Ta ce da za ta wayi gari ta ga tsakar gidan nan a share, da ta yi rawa. Ni na faɗa wa Rex. Daga nan abin ya samo asali."

Na zaci zai girgiza. Ya ci gaba da yanka albasa ya ce, "Ta faɗa. Shekara talatin tana yi min wannan mitar, har na haddace. Da kun kwashe matattun firijina goma sha ɗaya kun bar mata kekenta, da ni zan kawo muku giya da kaina. Kin ga inda idonta ya tsaya ranar da ta dawo?"

Noelene ta ce, "Ya rame sosai, Clarrie."

Ya ce, "Na san yadda rama take."

Da ta fita na ce, "Mutumina, anya ba mu wuce gona da iri ba?"

Ya ce, "Alby, kai ka faɗa cikin mako ɗaya. Shi shekara biyu nake tambaya. Miƙo min wancan kwano."

Lahadi ta uku a Nuwamba aka tashi da zafi tun da safe. Mun kai tamanin, rabi baƙi ne daga birni, kusan kowa da farar malafa. An gama karatun Littafin Talata, an fara layin tuba, sai na ga ƙofar gidan Rex ta buɗe. Ya fito ba hula, da wata tsohuwar riga mai ɗigon fenti wadda ban taɓa ganin sa da ita ba. Ya ƙetaro titi a hankali. Jama'a suka dare suka ba shi hanya, suna rusunawa, ana ƙus-ƙus cewa Waliyyi ya fito daga halwa. Bai wuce gaba ba. Ya shiga bayan layi ya jira mutum huɗu suka gama.

Ina riƙe da keken sayayya, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Ya cusa hannu a aljihu. Bai dubi kwalin ba, Clarrie ya duba.

Ya ce, "Na jefar da keken ɗinkin Thelma Penhall. An faɗa min nata ne, na ce a kama. Na ga ƙarafan a jere, kowanne a wurinsa, na san wanda ya jera su zai mayar. Na sani tun a lokacin. Ina son barandar ta zama fes kafin alƙalai su zo. Ba shara ba ne, Clarrie. Na yi kuskure."

Mafi yawan mutanen nan ba su san Thelma ba, ba su san labarin keken ba. A wurinsu wasa ne ya kai inda ya fi daɗi, Waliyyi da kansa ya zo tuba. Duk suka zuba wa Clarrie ido, don ba a amsawa sai ya kaɗa ƙararrawa.

Yatsansa yana kanta. Da ya so, da ya cire labulen nan daga wuyansa ya ce kowa ya watse, ya miƙa wa mutumin hannu. Na dube shi, shi ma ya dube ni, ya san abin da nake roƙo. Ya mayar da idonsa kan Rex, ya daɗe yana kallonsa.

Ya kaɗa.

Murya tamanin suka ɗauka, "An ba ka sabo, je ka ka manta." Dariya ta ɓarke, aka yi ta tafi da fito. Wani ɗalibi ya bubbuga kafaɗar Rex ya ce ya iya wasa. Wata ta cire malafarta ta kifa masa a ka. Aka danƙa masa burodi da nama a hannu. Ya tsaya riƙe da shi, bakinsa yana motsi, yana neman idon Clarrie.

Clarrie ya ce, "Na gaba."

Rex ya juya ya koma gida da malafar a kansa, bai ma san tana nan ba.

Da kowa ya watse muna kankare kaskon suya, na ce, "Da gaske fa ya faɗa."

Ya ce, "Na sani."

"To don me?"

Ya zuba ruwa a garwashi, ya jira hayaƙin ya lafa. Ya ce, "Shekara biyu ya yi yana haɗa maganar nan, ƙusa bayan ƙusa. Ita ce abu mafi daraja da ya taɓa fitowa da shi daga gidansa. Ya ajiye ta a gaban mutane, suka duba suka ga shara, suka ba shi burodi a madadinta. Kuma da kyakkyawar zuciya suka yi. Yanzu ya sani."

Na ce, "Ka huce?"

Ya ce, "A'a. Amma na gama."

Lahadi mai zuwa ya cire allon. Mutane suka zo suka tarar da ƙofa a rufe, suka yi ta zuwa har mako uku, sa'an nan suka daina. Ɗaliban suka roƙi kwalin da labulen, ya ba su. Na ji sun ci gaba da yi a Adelaide na ɗan lokaci, har suna buga riguna masu hoton malafa suna sayarwa. Da na faɗa masa ko ɗago kai bai yi ba.

Rex ya ajiye aiki bayan Kirsimeti. Cikin Afrilu suka sayar da gidan suka koma Queensland kusa da 'yarsu. Ranar da motar kaya ta zo, Clarrie yana baranda yana kwance wani tsohon agogo, bai ƙetare titi ba, Rex ma bai ƙetaro ba. Ni na je na taya su loda kujeru. Rex ya yi min godiya. Noelene takan aiko min da kati duk ƙarshen shekara, ta haka na ji rasuwar Rex bayan shekara shida. Na kai wa Clarrie labarin. Ya ce Allah ya ba ta haƙuri, ya tambaye ni ko ina da ƙaramin sukudireba.

Yanzu Clarrie yana da shekara tamanin da biyu. Yana gidan kula da tsofaffi a Port Pirie, ɗaki na ƙarshe a hannun hagu, mai taga wajen filin motoci. Idonsa ɗaya ya tafi, amma shi ke gyara wa mutanen gidan birkin kujerunsu na guragu. Nakan shiga bas in je in gan shi duk Alhamis.